Ustaz Sidhom da Kyamara Mai Ido Biyu

"Ni Sidhom ɗan Labib, in ban ciccibo tsohon cocin dutsen can na dire shi a ɗakin taronmu ba, ku aske mini gashin bakin nan ku share tanda da shi."

Haka Ustaz Sidhom ya faɗa a harabar coci ran wata Lahadi bayan an tashi sujada, yana murza gashin bakin, yana satar kallo ya ga ko Abuna Bisada, limamin cocinmu, na jin sa. To abokina, kai da ba ka san mutumin ba za ka ce wasa yake. Mu da muka tashi tare da shi a Nazlat Fanus mun san in Sidhom ya buɗe baki, sai dai ka gyara zama. Malamin tarihi ne a sakandare, gajere, mai tumbi, aljihun gabansa cike da alƙaluma, babu ko ɗaya mai rubutu. Duk abin da aka ƙera a duniya ya san shi tun kafin a ƙera. A bayan idonsa muna ce masa Injiniyan Gaibu, a gabansa kuwa Ustaz, don ba ma son dogon bayani.

Ba banza ba kuma ya yi wannan cika baki. Shugaban malaman Makarantar Lahadi ya tsufa ya koma Alƙahira wajen 'ya'yansa, kujerarsa ta zauna ba kowa, Abuna kuma ya ce zai faɗi wanda zai gaje shi kafin Lahadin Ganyen Dabino. Mutum biyu ake magana a kansu. Ɗaya Tasoni Mufida, wata doguwar mata mai ƙarancin magana da ta tsufa tana koyar da yara da alli da alewa. Ɗayan kuwa gogan naka. Kujerar nan ba albashi gare ta ba, amma mai ita shi ke zama kusa da Abuna a kowane biki, shi ke riƙe makullin ɗakin taro, shi ake miƙa wa lasifika. Sidhom kuwa a kan lasifika yana iya sayar da gonar ubansa.

Da yake lokacin Babban Azumi ne, sai ya fara da nuna tsoron Allah. Kowa a gari na fama da wake, safe wake, rana wake, dare ƙosan wake, ba nama, ba ƙwai, ba madara, amma sai ka rantse Sidhom kaɗai aka ɗora wa azumin. Tafiya yake a hankali yana dafa bango. In ka gaishe shi sai ya amsa da 'yar siririyar murya, ya bar ka ka tambaye shi lafiya, sannan ya ce ai ba komai, shi dai ba ya sa ko ruwa a baki sai rana ta faɗi, irin na sufayen da. Har yara ya tara ya yi musu faɗa don ya ji ƙanshin cuku a jakar wani.

Babban makaminsa dai wani kwali ne da ƙanin matarsa ya aiko daga Ostireliya. A ciki akwai wata 'yar kyamara a kan doguwar sanda, da wani ƙaton tabarau mai rufe rabin fuska, wanda in ka saka sai ka ga kamar kana tsaye a wurin da aka ɗauka. Kowace shekara akan kwashi yaran Makarantar Lahadi a haye kogi da su zuwa tsohon cocin Mala'ika da ke gindin dutse, mai shekara ɗari takwas da ɗoriya, a nuna musu ƙubba da zanen waliyyai a bango. Tafiya ce ta wahala. Wannan ya yi amai a mota, wancan ya yar da takalmi a kogi, iyaye su wuni da zullumi. Sidhom ya ce zamanin wannan ya wuce, shi zai kawo wa yara cocin har gida, kuma ba cocin da ya zube rabi ba, cocin kamar ranar da aka gama gina shi.

Matarsa Nargis, mace mai kaifin baki da ta daɗe da daina mamakinsa, ta ɗauki kyamarar ta jujjuya ta.

"Wannan me ya sa take da ido biyu, ɗaya gaba ɗaya baya?"

"Na bayan safaya ne," in ji shi. "Kamar tayar mota. In na gaban ya mutu sai a juya."

"Ka tabbata?"

"Nargis, ni da ke wa ya karanta tarihi?"

Ta ce shi ne, ta ajiye masa kayarsa ta koma kan tukunyar wakenta.

Ran Talata ya ɗauki kaya ya hau jirgin fito ya haye. A nan Shaiɗan ya tare shi, kuma ba da ƙaho ya zo ba, da hayaƙi ya zo. Akwai wani mai gasa tattabaru a bakin mashigar can, irin waɗanda ake cusa wa alkama a ciki a gasa su har fatar ta yi ja. Sidhom ya wuce shi da kai a sunkuye. Ya yi 'yar tafiya ya dawo, wai zai tambayi hanya, hanyar da yake bi tun yana cikin zanen goyo. Ya sake wucewa, ya sake dawowa. Ya duba dama ya duba hagu, babu ɗan Nazlat Fanus ko ɗaya. Nan take ya yi wa kansa fatawa cewa matafiyi yana da sassauci, balle mai tafiyar aikin coci. Ya ce a naɗe masa ɗaya a jarida. Da aka ɗauko ya ga ta yi masa ƙanƙanta, ya ce a ƙara mata 'yar'uwa kada ta yi kaɗaici.

Sai kuma matsalar wurin ci. A cikin tuktuk ɗin da ya hau, wato keke mai ƙafa uku, akwai direba, a ƙofar coci akwai mai gadi, a harabar kuma wasu mata sun zo cika alkawari da kyandirori. Da rana ta take matan suka tafi, cikin coci ya zama ba kowa, ga sanyi ga shiru. Gogan ya cire takalmi ya shiga, ya kafa sandar kyamara a tsakiya, ya saita idon gaban ya dubi ƙofar haikali inda bagadi yake, ya danna. Ya ce a ransa, tana aikinta ina nawa. Ya koma bayanta can kusa da ƙofar shiga, ya zauna a benci, ya shimfiɗa jarida a cinya. Don ladabi har ɗan karkacewa ya yi kada ya ci yana kallon bagadi, ya yi alamar gicciye, sannan ya naɗe hannun riga.

Abokina, ban ga laifin yunwa ba, amma abin da Sidhom ya yi wa tattabarun nan ko kyanwa ba za ta yi ba. Ya ci nama, ya ci alkama, ya tsotse ƙashi ɗaya bayan ɗaya yana lumshe ido, mai na gangarowa ta gashin baki. Ya siɗe yatsu. Ya ɗaga jaridar ya lashe inda man ya taru. Da ya gama ya yi gyatsa, ya tattara ƙasusuwan ya zuba a aljihu, ya kashe kyamara. Da ya iso gida da yamma kuwa ya shigo yana dafa bango, ya ce wa Nargis yau azumi ya kusa kai shi ƙasa. Ta tausaya masa ta ƙara masa cokali biyu na wake.

Daga nan aka shiga aikin sake gini. Ya kulle kansa a ɗaki da kwamfuta ya ce kada a dame shi. Ya dubi bangon cocin a hoto, duk ya ɓaɓɓare, fuskokin waliyyai sun koɗe, wani sashe na rufi ya zube. Mu nan kuwa ka san mu, ba a karɓar baƙo a ɗakin da fentinsa ya tashi. Sidhom ya ce abin kunya ne a nuna wa iyayen yara wannan. Ya ɗinke rufin, wannan ya yi daidai. Amma hannu ya riga ya saba, sai ya ci gaba. Ya manna tayil mai sheƙi tun daga ƙasa har kafaɗa, irin na shagon mai sayar da ruwan rake. Ya rataya dogayen fitilun lantarki. Ya liƙa agogon bango. Ya ga ƙubbar ta yi fili da yawa, sai ya sanya mata fanka. Sautin da kyamara ta ɗauka ya goge shi kaf, ya ɗora muryarsa yana bayani a hankali kamar mai karanta labaran rasuwa.

Duk wannan aiki gaba yake kallo. In ya saka tabarau yakan ɗan duba dama, ya ɗan duba hagu, ya ɗaga kai ya yaba fankarsa. Juyawa baya kuwa ko a ransa bai zo ba. Wanda aka raina tun yana yaro da ranƙwashi a ka duk lokacin da ya waiwaya a coci, wuyansa ya riga ya san gabas.

Gwajin farko a kan surukarsa aka yi, Muƙaddisa Zahiya, tsohuwar da ta taɓa zuwa ziyara Urushalima, tun daga ranar kuma duk hirar da za a yi a gidan sai ta sako Urushalima. Da ta ji wai za a shiga da ita cocin Mala'ika daga falo, ta ce sai ta yi lulluɓi tukuna. Ta cire silifas, ta ce kowa ma ya cire. Aka ɗaura mata tabarau. Can sai ta fara kuka tana kiran sunayen waliyyai. Ta hango hoton Mala'ika a gefen ƙofar haikali, ta miƙa hannu za ta shafa ta sumbata don neman albarka, ta yi taku biyu, ta rungumi kabad ɗin kwanukan Nargis. Kofunan shayin auren suka zubo. Da aka cire mata tabarau tana riƙe da goshi, abin da ta fara tambaya shi ne wane bawan Allah ne ya ba da sadakar tayil, kuma me ya sa ba a rubuta sunansa a bango ba.

Nargis ta tsaya a kan fasassun kofunanta ta ce masa ya yi wa Allah ya cire fankar nan ko kunya ta ragu. Ya ce mata ita matsalarta ba ta da hangen nesa. Tsohuwa dai kafin faɗuwar rana ta gama zaga unguwa da ƙulu a goshi tana shaida cewa mijin 'yarta ya shigo da coci cikin akwati, har ta ji ƙanshin turare.

Saboda haka ran Juma'ar da aka sa, ɗakin taro ya cika har taga. Yara a gaba, iyaye a baya, takalma jibge a bakin ƙofa, domin Muƙaddisa ta kafa doka. Abuna Bisada na zaune a gefe da farin gemunsa da ɗan gicciyensa na hannu, yana kallon kowa da murmushin nan nasa da ba ka sanin abin da ke bayansa. Tasoni Mufida ta zauna can ƙarshen layi da jakar alewarta a cinya. An haɗa majigi yadda duk abin da mai tabarau ke gani zai fito a bango kowa ya gani. Sidhom ya sha kwat, ya riƙe lasifika da hannu biyu, leɓɓansa a bushe. Ya ba da haƙuri in an ji muryarsa ta yi rauni, ai an san lokacin da ake ciki.

Ya ja wa yara kunne tun kafin a fara. Ya ce coci coci ne ko a cikin tabarau, gabas ake fuskanta, duk wanda ya ba haikali baya zai gane kurensa. Yara suka riƙa sakawa ɗaya bayan ɗaya, suna tsayawa ƙyam, suna ɗan leƙa dama da hagu. A bango ga ƙubba, ga waliyyai a kan dawakai, ga tayil na walƙiya. Iyaye suka yi ta gyaɗa kai. Wani ma cewa ya yi wannan ya fi na gasken kyau, a can ko wurin jingina babu.

Tasoni Mufida ce ta ɗaga hannu a hankali ta ce tana da 'yar tambaya, don kada yara su tambaye ta ta rasa amsa. Sufayen wancan zamani, daga ina suka jawo wutar fanka?

Aka ɗan yi dariya. Sidhom ko gezau. Ya ce mutanen da sun san abubuwan da mu muka manta, kuma wanda ya tsaya kallon fanka a ɗakin Allah shi ya san abin da ya kawo shi. Wasu tsofaffi suka ce wannan gaskiya ne. Tasoni ta sunkuyar da kai. Gogan ya ji kujera ta riga ta zo hannu, har ya fara tunanin inda zai rataya makullin.

Da ya tsaya nan, abokina, da yau wani labari nake ba ka. Amma mai cika baki ba ya sanin ya ƙoshi. Ya juya ga Abuna ya ce taron nan ba zai cika ba sai ya sa masa albarka da idonsa. Abuna ya ce shi ya tsufa, yana gani a bango ma ya isa. Sidhom ya nace, ya ce wa yara su tafa. Aka tafa. Abuna ya ga ba makawa, ya miƙe, ya zare takalmi, aka ɗaura masa tabarau a saman gemu.

Tsohon ya gyara tsayuwa. A bango ga ƙofar haikali da labulenta, muryar Sidhom kuma na fita daga lasifika tana bayanin rayuwar sufaye. Abuna ya daɗe rabonsa da cocin nan saboda ciwon gwiwa, abin ya taɓa masa zuciya, har ya manta inda yake. Ya rusuna a gaban haikali. To duk garin nan mutum ɗaya ne aikinsa ya ba bagadi baya ya fuskanci jama'a, kuma ya yi hakan sau ba adadi tun kafin a haifi rabin mutanen ɗakin. Jikinsa ya yi abin da ya saba. Ya ɗaga gicciye, ya juyo gaba ɗaya, ya ce, "Salama ga kowa."

Yara suka amsa baki ɗaya, "Da ruhunka."

Daga nan kowa ya ƙura wa bango ido. Hoton bango ya juya tare da Abuna. Tayil ya ƙare, tsohon bango ya dawo, ga ƙofar shiga, ga benci. A kan bencin kuma ga Ustaz Sidhom, ya cika bango tun daga ƙasa har rufi, hannun riga a naɗe, ido a lumshe, ya kama cinyar tattabara da haƙori yana ja. Muryarsa kuma ba ta fasa ba, tana ta zuba a hankali:

"Sufayen nan, 'ya'yana, busasshiyar gurasa da gishiri kawai suke ci, shi ma sai rana ta faɗi. Mu da muke bin sawunsu a yau, mu muka san zaƙin yunwa."

Na bangon ya tsotse ƙashi ya ajiye, ya ɗauko wani.

Sidhom na ƙasa ya yi tsuru-tsuru, amma bakin bai mutu ba. Ya ce a kwantar da hankali, wannan ma cikin darasi yake. Wani matafiyi ne na wancan zamani da shi ya ƙirƙira a kwamfuta, don yara su ga yadda marasa tsoron Allah suke yi.

"Matafiyin zamanin da," in ji Nargis daga cikin mata, "da rigar da na goge masa ran Talata?"

Muƙaddisa Zahiya ta matso da fuskarta kusa da bango ta ƙura ido. Ta ce ai ba ɗaya ba ce ma, ga wata can a jarida tana jiran layi.

Wata yarinya ce ta fara ƙyalƙyalewa, sai ɗakin ya ɗauka. Maza na dukan cinya, mata na toshe baki da gyale, yaron da aka yi wa faɗa kan cuku har birgima yake. Ni kaina sai da na riƙe ciki, ko da yake, Allah ya sani, na ji tausayinsa. Sidhom ya yi tsalle ya fizgi waya daga bango don ya kashe majigi. Fankar ɗakin ta tsaya, majigi na nan yana aiki. Ya ruga wajen Abuna yana miƙa hannu zai kwance tabarau, yana cewa na'ura ce ta samu matsala.

Abuna ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Bar shi ya gama, ɗana. Ba a tayar da mutum a kan abinci."

Haka aka tsaya aka kalla har ƙarshe. Aka ga siɗe yatsu, aka ga lasar jarida, aka ga ƙasusuwa na shiga aljihu. Gyatsar ce kawai ba a ji ba, tunda ya goge sauti, amma an ga kafaɗa ta ɗaga. Nargis ta ce ashe shi ya sa kyanwar maƙwabta ta kwana tana bin wandonsa a igiya.

Sannan Abuna ya kwance tabarau da kansa, ya goge ido, dariya ce ko hawaye ban sani ba. Ya jira hayaniya ta lafa. Ya ce ya gode wa Ustaz, domin ya tuna masa yadda yake kewar cocin Mala'ika, saboda haka bana ma yara za su haye kogi su gan shi da idonsu, ba fanka ba tayil. Ya zaro makullin ɗakin taro daga aljihu ya aika wa Tasoni Mufida, ya ce ita za ta jagorance su, bana da baɗi da abin da Allah ya nufa.

Sidhom ya bi makullin da ido yana wucewa hannu zuwa hannu har ya isa ƙarshen layi. Ya sunkuya yana tattara wayoyinsa, yana neman hanyar sulalewa ta ƙofar gefe. Abuna ya dafa kafaɗarsa, ya miƙa masa tabarau. Ya sassauta murya don ya rufa masa asiri, sai dai lasifikar na hannun Sidhom, kuma a kunne take.

"Ran Asabar ina zaman jin masu furta zunubi, ka zo da wuri. Ba sai ka wahalar da kanka da bayani ba, ɗana. Ka taho da tabarau ɗin kawai."